Ƙarshen Damina da Haƙƙin Ƙananan Yara a Kan Maigida

Malaman hisabi na ƙasar nan sun raba shekara gida huɗu, kowane gida da taurari bakwai, kowane tauraro kuma kwana 13 yake yi, in ban da Jabha mai kwana 14. Taurarin damina su ne Haƙ'a, da Han'a, da Zira'a, da Nasara, da Ɗarfa, da Jabha, da Harsan. Idan Harsan ya fita, watau wajen ƙarshen watan Agusta, sai Sarfa ta shigo, ita ce farkon taurarin kaka. Manomin Birnin Kudu ko na Gwaram kuwa ba ya bukatar a buɗa masa littafi kafin ya san haka. Marka ta wuce, gero ya fid da kai, yara sun soma gasa tumu a bakin murhu, zafin agazari ya taso. Sai dai da yake kudancin Jihar Jigawa ya fi arewacinta samun ruwa, sama ba ta ɗaukewa gaba ɗaya a nan sai an shiga Oktoba.

Ga babba, wannan lokaci ne na sa rai. Ga yaron da bai kai shekara biyar ba, babu makonni masu haɗari a shekara duka kamar waɗannan. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan fili shi ne, galibin masu karanta mu 'yan kasuwa ne da ma'aikata, su ne kuwa mutanen da wannan lokaci yakan tarar ba sa gida. Ɗan kasuwa ya kama hanyar Sara da sauran kasuwannin ƙauye yana jiran sabon hatsi da riɗi. Ma'aikaci kuma, tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedkwata a Dutse, da yawa can suke kwana ranakun aiki, waɗansu ma Kano ko Abuja, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata su leƙo iyali.

Bari mu fara da zazzaɓi, domin shi ne babba. Mutane da yawa suna mamakin yadda ruwa yakan fi yawa a Agusta, amma ciwo ya fi tsanani a Satumba da Oktoba, har waɗansu su ɗora laifin a kan cin tumu ko ɗanyar gyaɗa. Ba haka ba ne. Macen sauro ita ke ɗauke da cutar, da dare kuma take cizo. Tana zuba ƙwai a ruwan sama da ya kwanta rana tana dukansa: kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa, da sawun shanu, da fadamun shinkafa, da 'yan kwarurrukan da ke kan duwatsu, abin da ƙasar Birnin Kudu, mai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ba ta rasa ba. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kamar kwana goma ne ko mako biyu. Idan ta ciji mai ciwo, ƙwayar cutar takan yi wajen kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta iya sa wa wani. Wanda ta ciza kuma sai ya yi mako ɗaya ko biyu kafin jikinsa ya yi zafi. In mai karatu ya haɗa wannan lissafi, zai ga ruwan marka shi ne zazzaɓin kaka. Tun 1897 wani likita Baturen Ingila, Ronald Ross, ya gano ƙwayar cutar a cikin sauro sa'ad da yake aiki a Indiya.

Musulmi ma ba baƙin wannan ciwo ba ne. Sa'ad da aka yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, garin ya yi suna wajen zazzaɓi, Sayyidina Abubakar da Bilal, Allah ya yarda da su, duka sun kwanta. Nana A'isha da ta ba da labarin, a ruwayar Buhari, ta ambaci kwarin Buɗhana da gurɓataccen ruwan da ke malala a cikinsa a wancan zamani. A Buharin dai aka ruwaito cewa ita kanta ta kwanta da zazzaɓi, mahaifinta ya shiga wurinta, ya sumbace ta a kunci, ya tambaye ta jiki. Muna so iyaye maza su riƙe wannan: uba ne ya shiga ɗaki da kansa.

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda yake kashewa a Afirka yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Babba ya sha ciwon sau da yawa, jikinsa ya ɗan saba. Yaro bai saba ba. Wanda aka ga yana wasa da hantsi, kafin gari ya sake wayewa yana iya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai. Alamomin da ba a jira da su sanannu ne: jijjiga, ko amayar da duk abin da aka ba shi, ko ƙin kama nono, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko tafin hannu da cikin ido su yi fari fat saboda jini ya ƙare.

To, a nan ne maganar ta zama ta malamai. Sau da yawa abin da ke tsakanin yaro da asibiti ba nisa ba ne. A Birnin Kudu akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya, akwai kuma ƙananan asibitoci a gundumomi. Abin da ke tsakani shi ne izini da kuɗin mota. Uwa tana cikin gida da yaro a hannu, maigida yana wata kasuwa wayarsa ba ta shiga, ita kuwa an tarbiyyantar da ita a kan kada ta fita sai da yardarsa. Sai ta jira. Ta jiƙa tsumma ta shafa masa, ta aika a karɓo rubutu, ta aiki yayarsa kemis da ɗan canjin da ya rage na cefane. La'asar ta yi, magariba ta yi.

Ba mu zargin wannan baiwar Allah, domin abin da aka koya mata ta bi. Amma lalle ne a faɗa a fili cewa hukuncin ba haka yake ba. Neman izinin miji haƙƙi ne nasa, kiyaye rai kuwa yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsaronsu, kamar yadda Imam Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu a 1388, ya shimfiɗa a cikin Muwafaƙat. Idan haƙƙin mutum ɗaya ya yi karo da ran wani, rai ake gabatarwa, balle ran ɗan mai haƙƙin ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ji ƙansa, littafi guda ya wallafa a kan hukunce-hukuncen fitar mata, Irshadul Ikhwan, bai kuma mai da fitar hukunci ɗaya ba: ya bambanta wadda larura ta kawo da wadda babu dalili. Macen da ta saɓi ɗanta mai jijjiga ta nufi asibiti ba ta saɓa wa kowa ba.

Duk da haka, mun san halin gidajenmu. Fatawar malami a jarida ba ta cire wa mace tsoron faɗan miji ko gorin uwar miji. Maigida ne kaɗai zai iya cire shi, kuma da baki ɗaya ne. Kafin ya sa ƙafa a mota ya ce mata, a gaban mahaifiyarsa in tana gidan: duk yaron da jikinsa ya yi zafi, a kai shi a gwada jininsa, kada a jira ni. Ya bar kuɗi daban da na cefane, waɗanda ba a taɓawa sai don wannan. Ya yi magana da ƙaninsa ko maƙwabci mai babur, ya san cewa ko tsakar dare aka buga masa ƙofa da yardar maigida ne. Mutumin da ba ya barin shago sai ya gaya wa yaronsa farashin kowane buhu da wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba, bai kamata ya bar gida babu irin wannan wasiyya ba.

Game da kuɗin nan, akwai abin da ake yawan mantawa. A mazhabar Imam Malik, kamar yadda ɗalibi yake karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, ciyar da 'ya'ya ƙanana marasa dukiya a kan uba yake: namiji har ya balaga da lafiyarsa, mace har ta yi aure mijin ya tare da ita. Ba a ɗora wa uwa ba, ko da tana da hali. Saboda haka ribar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko kuɗin adashin da ta fasa ta sayi magani, alheri ne ta yi, ba bashi ta biya ba. Muna jin waɗansu magidanta suna cewa ai tana sana'a. Sana'arta tata ce.

Tofi da addu'a kuwa ba mu hana ba, mu ma muna yi. Sanyaya jikin mai zazzaɓi da ruwa ma ya zo a hadisi. Amma Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, shi ne kuma ya yi umurni da neman magani, ba a kuwa taɓa cewa ɗayan ya soke ɗayan ba. A yi tofin a kan hanya. Gwajin jini na ɗan yatsa bai fi kwata na awa ba. Maganin da likitoci ke bayarwa yanzu na kwana uku ne, safe da yamma, kuma tilas a shanye shi ko da yaro ya warware a rana ta biyu. Kulorokwin da muka sani da ƙuruciya, Nijeriya ta bar dogara da shi tun 2005, domin cutar ta daina jinsa.

Har wa yau akwai rigakafin damina. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 magani wata-wata a ƙasashen da zazzaɓi ke bin damina. An fara a Jihar Katsina a 2013, daga bisani ya iso Jigawa. An saba bin gida gida sau huɗu, daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko a gaban masu rabo ake sha, sauran kwana biyu kuwa uwa ce ke bayarwa. Gwaje-gwajen da aka dogara da su sun nuna yana rage kamuwa da kimanin kashi uku cikin huɗu. Inda ake samun ɓaraka wuri biyu ne. Na farko, masu rabo su yi sallama a ce maigida ba ya nan, bai kuma bar magana ba. Na biyu, a sha zagayen Yuli da na Agusta, sa'an nan a yi sakaci da na ƙarshe don an ga sama ta fara ja da baya, alhali kuwa mun riga mun nuna cewa a lokacin ne ciwon yake kan ganiyarsa. Haka gidan sauro: ba a naɗe shi don agazari ya matsa, ba a kuma mai da shi shingen lambu.

Zazzaɓin nan kuma yakan tarar da yaro ba ƙarfi. Watan Agusta shi ne ƙarshen hatsin bara, rumbu ya yi ƙasa, kwano ya yi tsada, gidaje da yawa sun rage sanwa. Babba yana iya ɗaure ciki da rogo ko ganye, amma yaron da aka yaye a tsakiyar damina, kunu tsararo ba ya riƙe shi, daga nan tamowa take shiga. Idan sabon gero ya iso gida, shi ya fi cancanta a fara dubawa: a sa masa gyaɗa ko wake a kunu, a ba shi ƙwai in akwai kaji, maimakon a tara ƙwan duka a kai kasuwa. Sa'an nan ga makarantu suna komawa a Satumba, ga kuɗin riga da littafi da takalmi, abin da ke tilasta wa talaka sayar da amfanin gonarsa a lokacin da ya fi araha. Ya tabbata a Buhari cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Wanda Allah ya hore wa, ya auna na gida tukuna kafin ya kira mai awo.

'Yan kasuwa da ma'aikatan da ke noma a gida suna zaune a birni, ga tasu. Zakkar hatsi tana wajaba idan amfani ya kai awsuƙi 5, watau sa'i 300, kuma abin da ruwan sama ya shayar kashi ɗaya cikin goma ake fitarwa. A Malikiyya, inda ta wajaba can ake raba ta, sai fa in akwai waɗanda suka fi tsananin bukata a wani wuri. Wanda gonarsa take Fagam ko Kila ko Sundimina, kada ya loda buhunan duka zuwa Kano ya raba wa masu gadin unguwarsu. A ƙauyen da aka noma hatsin akwai gwauruwa mai 'ya'ya huɗu, akwai ɗan ƙodagon da ya yi masa noman yana cin bashi tun Yuli.

Saura maganar zuwa da ƙafa. Ibrahim, ɗan Manzon Allah, an kai shi shayarwa a unguwannin tudun Madina, gidan wani maƙeri. Anas ɗan Malik ya ba da labari, a Sahihu Muslim, cewa Annabi yakan taka har can tare da sahabbansa, ya shiga gidan hayaƙi ya turnuƙe, ya ɗauki yaron ya sumbace shi, sa'an nan ya komo. Shugaban al'umma ke nan, mai aikin da ya fi na kowa yawa. Yaron bai cika shekara biyu ba ya rasu, a shekara ta 10 bayan hijira, mahaifinsa kuma ya same shi da rai, ya riƙe shi idanunsa suna zubar da hawaye. Daga Dutse zuwa Birnin Kudu ba tafiyar yini ba ce, ma'aikaci yana iya tashi aiki ya yi magariba a gida ko da sau ɗaya a tsakiyar mako. Wanda yake Abuja ko Legas kuwa, ya sa wa kansa lokaci guda kullum da zai buga waya, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, wa ya ci abinci, wa jikinsa ya yi ɗumi, ya kuma tambayi ranar da masu rabon magani suka ce za su dawo.