Kafin a Sake Yi Maka Hoto

Majinyata da yawa ba sa jin an duba su da kyau sai likita ya rubuta musu hoto. Wani ma da bakinsa yake roƙo: "Likita, a dai yi mini hoto hankalina ya kwanta." To amma hoto suna ya tara.

Sikanin da ake yi wa masu juna biyu da sauti yake aiki, MRI kuma da maganaɗisu. Babu radiyeshin mai lahani a cikinsu. Eksire da CT kuwa suna ratsa jiki ne da hasken nan da Wilhelm Röntgen ya gano a Jamus a 1895, wanda kan taɓa ƙwayoyin halitta idan ya yi yawa. A ma'aunin radiyeshin, eksiren ƙirji guda bai wuce milisibat 0.1 ba, kwatankwacin abin da ƙasa, iska da sararin sama ke ba kowannenmu cikin kwana goma zuwa sati biyu. CT na ƙirji kan kai milisibat 7, wato kamar eksire 70 a kwanciya ɗaya.

Wannan bai isa ya sa a guji CT ba. Wanda ya faɗo daga babur ya bugu a kai, hoton ne zai nuna ko jini na taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kuma jinkiri ya fi hasken haɗari nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna shi ne maimaici: a yi hoto a wannan asibiti, a jefar da ambulan ɗin, bayan sati biyu wani likitan ya sake rubuta irinsa. Haɗarin ciwon daji daga hoto ɗaya ƙanƙane ne, amma taruwa yake yi, musamman ga yara, waɗanda jikinsu ke girma kuma shekaru masu yawa ke gabansu. Shi ya sa ake rage ƙarfin na'ura daidai da jikin yaro.

Saboda haka a adana tsofaffin hotuna, a riƙa tafiya da su. Mace da ke zaton tana da ciki ta faɗa kafin ta kwanta, ko da a kunnen ma'aikaciya ne. Kunya ba ta da muhalli a nan. 'Yan rakiya su jira a waje, sai wanda aka ce ya riƙe yaro, shi ma a sa masa rigar dalma. A Najeriya hukumar NNRA ce ke ba cibiyoyin eksire da CT lasisi, kuma majinyaci na da haƙƙin tambaya ko suna da shi.