Kalma Ɗaya Da Ta Kusa Jefa Aminina Cikin Masifa

Ina aji biyar na sakandare aka wayi gari kalkuletar wani ɗan ɗakinmu ta yi ɓatan dabo, ga jarrabawa ta matso. Malamin da ke kula da ɗakin kwananmu ya tara mu, ya ce kowa ya rubuta abin da ya sani a takarda, da Turanci. Idon kowa yana kan aminina, domin shi ne na ƙarshe da ya ari kalkuletar. Ni kuwa na san ɗauke-ɗauke ba halinsa ba ne, don haka na ɗauki biro da niyyar wanke shi, na rubuta: “I suspect he took it.” A raina cewa nake yi, “Ina shakkar a ce shi ya ɗauka.”

Malam ya karanta, ya ɗago kai ya dube ni ya ce, “Au, har kai ma shi kake zargi?” Sai da na koma Hausa na yi bayani kafin ya gane inda na dosa. Washegari aka tsinci kalkuletar a ƙasan akwatin mai ita. Da takardata aka bi, da ni ne na zama shaida a kan wanda na tashi karewa.

Ƙannena ’yan makaranta, ga abin da ban sani ba a ranar. Kalmomin “doubt” da “suspect” suna kama da juna a ƙamus, amma a cikin jimla hannun riga suke. In ka ce “I doubt he took it,” kana nufin ba ka jin shi ya ɗauka. In kuma ka ce “I suspect he took it,” to kana nufin zuciyarka ta fi ba ka shi ne. Ta farko kokwanto ce, ta biyu zargi ce. Ta farko tana wanke mutum, ta biyu tana shafa masa baƙin jini.

Mu Hausawa muna saurin faɗawa wannan rami saboda faɗin kalmar shakka a harshenmu. Mukan ce muna shakkar labari, wato ba mu gaskata shi ba. Mukan kuma ce yaro yana shakkar yayansa, wato yana jin tsoronsa. Turanci bai haɗa waɗannan a kalma ɗaya ba, saboda haka kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka: ina ganin abin bai faru ba ne, ko ina ganin ya faru?

Akwai kuma ’yan uwansu da ya kamata ku sani. “Distrust” da “mistrust” duk rashin yarda suke nufi, kuma ana iya sa ɗaya a gurbin ɗaya. Rashin yarda ba zargi ba ne: kana iya ƙin amince wa mutum da kuɗinka ba tare da ka ce ya taɓa yi maka sata ba. “Sceptical” shi ne wanda ba ya karɓar magana sai ya ga hujja, kamar ɗalibin da aka turo wa labarin an ɗage jarrabawa a WhatsApp ya ce sai ya ji daga bakin shugaban makaranta. Mutanen Ingila da “c” suke rubuta ta, na Amurka kuma da “k”, mu kuwa rubutun Ingila muka fi bi a makarantunmu. “Wary” kuma shi ne mai taka-tsantsan, mai sara yana duban bakin gatari.

Ita ko “suspicious” baki biyu gare ta. “He looks suspicious” na nufin shi ne abin zargi, ba a yarda da take-takensa ba. Amma “He is suspicious of me” na nufin shi ne ke zargi na. ’Yar ƙaramar kalmar “of” ce ta juya maganar. Ku riƙe ta da kyau, domin ita ce ke bin “suspect” da “accuse” ma: “They accused him of theft.” Ɗalibai da yawa kan sa “for” a nan, su yi asarar maki a banza.

Masu shirin WAEC da NECO, a kula da furuci. Ba a furta harafin “b” a cikin “doubt”, kamar yadda ba a furta shi a “debt”. Kalmar ta shiga Turanci ne daga Faransanci ba tare da wannan harafi ba, daga baya masana suka cusa shi don ta yi kama da asalinta na Latin, wato “dubitare”. Amma a “dubious”, wadda ke nufin abin da ba a natsu da shi ba, ana furta shi sarai. Haka nan “suspect” in suna ce, wato wanda ake zargi, gaɓar farko ake ƙarfafawa. In aikatau ce, sai a ƙarfafa ta biyu.

Wannan bambanci bai tsaya a aji ba. Ku lura da jaridun Turanci, za ku ga suna yawan rubuta “suspect” da “alleged” a labarin laifi. Ba tsoro ba ne. Ƙaramin sashe na 5 na sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa. Kuma kafin kotu ta kama mutum da laifi, dole hujja ta kai matakin da lauyoyi ke kira “beyond reasonable doubt”, wato ba sauran kokwanton da hankali zai karɓa. Ka ga ke nan “suspect” ba “criminal” ba ne, kamar yadda wanda ake zargi ba ɓarawo ba ne.

A ƙarshe ga wata magana da nake so ku haddace: “give him the benefit of the doubt.” Ma’anarta ka kyautata wa mutum zato tun da ba ka da hujja a kansa. Abin da na so in yi wa aminina ke nan, kalma ta ci amanata. A wannan makon, kowa ya gina jimla biyu, ɗaya da “doubt” ɗaya da “suspect”, ya fassara su da Hausa, ya kai wa malamin Turanci ya duba. Hausawa dai sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce kuskuren biro ne ya ja maka shi.