Charlotte Moore, Matar Da Ta Karanta Hasken Rana

'Yar'uwa, kin taɓa lura idan miya ta tafaso ta zubo kan risho, sai harshen wutar ya koma rawaya? To, aikin wani sinadari ne da ke cikin gishiri, ana ce da shi sodiyam. Kowane sinadari in ya sha wuta yana da irin hasken da yake fitarwa, ba ya kama da na wani, kamar dai dangwalen yatsa. In aka ratsa hasken ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje kamar bakan gizo, da waɗansu 'yan layuka a ciki. Da layukan nan ne masana ke gane abin da ke cikin rana da taurari, alhali ba wanda ya taɓa zuwa can.

Amma fa sai an san layin kowane sinadari tukuna. Wannan shi ne aikin da wata Ba'amurkiya, Charlotte Moore, ta ƙare rayuwarta a kai.

An haife ta a 1898. Da ta gama karatun lissafi a kwalejin Swarthmore a 1920, sai ta kama aiki a Jami'ar Princeton, wurin Farfesa Henry Norris Russell. Sunan muƙaminta kuwa "kwamfuta", watau mai yin lissafi da hannu, don na'urar ba ta zo ba tukuna. Kin ga abin takaici: jami'ar ta yarda da lissafinta, amma a lokacin ba ta ɗaukar mata karatun digirin dakta. Ba ta zauna jira ba. A Jami'ar Kalifoniya ta samo nata a 1931, da bincike kan baƙaƙen tabban da ke fuskar rana.

Ta yi aure a 1937, aikin bai tsaya ba. A 1945 ta koma hukumar awo ta Amurka, tana tattara awon da masana suka yi, tana tacewa lamba bayan lamba. Aiki ne irin na tsintar tsakuwa a shinkafa, wanda ta tsallake sai ta fasa haƙorin wani. Littattafai uku suka fito daga ciki, a 1949 da 1952 da 1958, masu nazarin taurari suka yi shekaru da yawa suna dogara da su.

Ta yi ritaya a 1968, amma ta ci gaba da aiki a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka. A 1990 aka ba ta lambar Bruce, ɗaya daga cikin manyan lambobin ilmin taurari. A shekarar ta rasu, tana da shekara 91.