Kwali da buhu: haɗa kayan tashi ba tare da an taɓa asusu ba

Darasinmu na wannan karon a kan tashi ne, wato ranar da iyali za su kwashe kayansu daga wannan gida zuwa wancan. A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan ba baƙon abu ba ne. Wata za a kai ɗiyarta ɗakin miji, wata mai gidan haya ya ce yana son gidansa, wata maigidanta ya gama gini. Wasu kuma, kamar yadda kowa ta sani, rashin tsaro ne ya taso su daga ƙauye zuwa cikin gari, ko zuwa Funtuwa da Malumfashi.

A zaman da nake yi da ƙungiyoyi na lura da abu guda. Mace kan yi lissafin kuɗin mota, amma ba ta sa abin da za a zuba kayan a ciki. Sai ranar ta matso, a shiga gaggawa. Ko dai ta ci bashi a asusu ta sayi jakunkuna, ko ta ƙulle tangaran a zani ya isa a farfashe. Bashin asusu na jari ne, na sarin gyaɗa ko sayen akuya. Bai kamata ya tafi a kan abin da za a iya samu kyauta ba, in dai an fara nema da wuri.

Me ya sa kwali ya yi wuya?

A da ɗan tireda har roƙo yake a kwashe masa kwalaye. Yanzu kwali ya sami masu so. Masu sayen kayan bola suna tara shi su sayar, masu suya suna hura wuta da shi, masu kaji suna zuba 'yan tsaki a ciki, wasu suna shimfiɗa shi a kasuwa su baza kaya. Saboda haka wadda ta je neman kwali goma rana guda, a shagon da ba a san ta ba, sai dai ta saya. Wadda kuwa ta roƙi biyu a wannan mako, biyu a mako mai zuwa, a inda take cefane, da wuya a hana ta. Da sanyin safiya ake kama fara. In kin san ranar tashi, ki fara tarawa wata guda kafin lokacin.

Ina ake samu?

Na farko, shagon da kike sayen sabulu da magi da taliya. Kwalin sabulu da na madarar gwangwani sun fi ƙarfi, don an yi su ne su ɗauki nauyi. Na biyu, mai shayi, wanda kusan kullum yana buɗe kwalin Indomie. Wannan ba shi da kauri sosai, amma yana yi wa kaya marasa nauyi. Na uku, masu sayar da kayan ɗakin amare. Kwalinsu kan zo da 'yan raba-raba a ciki, daidai kofuna da faranti. Na huɗu, kemis, inda ake samun ƙananan kwalaye masu tsabta. Na biyar, masu sayar da fanka da keken ɗinki da kayan sola, su ke da manya masu kauri. In maigida ko ɗa yana zuwa sari Funtuwa ko Malumfashi, a ce ya tambayi dilan da yake hulɗa da shi, don 'yan sari sun fi ƙananan shaguna tara kwali.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ranar da mota ta sauke wa shago kaya, da jajiberin kasuwa, da gab da azumi ko Sallah, a nan ake yawan buɗe kwali. Bayan kaka kuwa, lokacin da biki ke yawa, kowa neman kwalin kai amarya yake, don haka a tara tun kafin nan.

Yadda ake roƙo ba wani dogon zance ba ne. Bayan gaisuwa sai ki ce: “Alhaji, don Allah in ka buɗe kwalin sabulu a ajiye mani biyu, kada a yaga bakin. Yaro zai zo karɓa da la'asar.” Kin faɗi iri, kin faɗi adadi, kin faɗi lokaci. Kuma a tabbata an je a lokacin, don shago ba shi da wurin ajiya, in kika saɓa sau ɗaya ba zai sake ajiye maki ba. Wadda ba ta fita, ta aika maigida ko babban ɗa, ko wata dattijuwa a ƙungiya. Kada a tura ƙananan yara mata shago su kaɗai bayan magariba.

Kwalin da ba a karɓa ko da kyauta ne

Yankinmu na noman masara da dawa da auduga ne, shagunan maganin feshi sun yi yawa, kuma su ne suka fi saurin ba da kwali. To a kula. Maganin ciyawa da na ƙwari kan yi yoyo a hanya, kwali ya shanye, ya bushe, ido ba ya gani. In aka zuba gari ko kayan jariri a ciki, dafin na iya shiga abinci ko ya taɓa fata. Wanki ba ya fitar da shi, shanya ma haka. Duk kwalin da aka ga hoton ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa a jikinsa, ko yana warin magani, ko fetur, ko kananzir, a bar shi. Haka buhun da aka zuba irin shuka mai launin magani, ba ya shiga harkar abinci.

Kwalin kifi da duk wanda ya taɓa maiƙo yana jawo ɓera da tururuwa. Wanda ya taɓa jiƙewa kuma ya riga ya mutu, ko ya bushe gindinsa zai ɓalle. Kafin ki shigar da kowane kwali ɗaki, ki buɗe shi a rana, ki kakkaɓe, ki duba lunguna. Kyankyasai kan yi ƙwai a cikinsa, kada ki kwashe su ki kai sabon gida.

Yadda kwali yake ɗaukar nauyi

In kika duba bakin kwali za ki ga takarda uku: ɗaya waje, ɗaya ciki, ta tsakiya kuma a lanƙwashe kamar kwanon rufi. Wannan ta tsakiyar ita ce ƙarfinsa, kuma a tsaye take aiki. Shi ya sa kwalin da aka ajiye bisa gindinsa ke ɗaukar wani a kansa, wanda aka kwantar a gefe kuwa yake lotsewa. Ruwa na sassauta takardar da gam ɗin da ya haɗa ta, don haka da damina sai da leda ko tamfol a sama.

Daga nan dokoki uku suka fito. Kaya masu nauyi a ƙaramin kwali, marasa nauyi a babba. A cika kwali har baki, don wanda ke da fili a sama yana burmawa in an ɗora masa wani. Kuma in ke kaɗai ba ki iya ɗaga shi ba, ya yi nauyi, a rage. Ba dole sai an sayi salatif ba. A saƙa kunnuwan gindin cikin juna, a shimfiɗa wani yankin kwali a ciki, sannan a ɗaure da igiyar rama ko tsohuwar robar tayar babur, a gicciye ta tsawo da faɗi.

Me ke shiga kwali, me ke shiga buhu?

Kwali na kayan fashewa ne: tangaran, kofuna, fulas, madubi, fitila, rediyo. A naɗe kowanne da tsohon zani ko rigar yara, kin ga an kwashe tufafi an kuma kare kwano a lokaci guda. Faranti a jera su a tsaye, gefe da gefe, sun fi jure girgizar hanya. Inda ya rage fili a cusa tsumma, ko ɓawon masara busasshe, ko ƙaiƙayi.

Tukwane da kwanonin silba da na roba ba sa bukatar kwali. A sa ƙarami cikin babba, a zuba a buhu. Kula da bokiti da baho su ma mazubi ne, a cika su da cokula da kayan miya. Buhun shinkafa da na sukari sun fi dacewa da abin da ya shafi abinci. Buhun taki a wanke shi sosai a shanya, a bar shi ga takalma da tabarmi da kayan aikin gona. Jakar nan mai zane-zane da ake kira Gana-mas-go, wadda ta sami sunanta a 1983 lokacin da aka umurci baƙi marasa takardu, galibinsu 'yan Gana, su bar Najeriya, tana yi wa tufafi, amma ta kuɗi ce kuma zif ɗinta ba ya jure nauyi. In akwai mai ita a ƙungiya, a ara.

A yi wa kowane kwali alama a gefe, ba a sama kaɗai ba. Mai boko ta rubuta da boko, mai ajami da ajami. Wadda ba ta rubutu ta zana kofi da gawayi, ko ta ɗaura jan ƙyalle a kan duk kayan fashewa, don masu lodi su san na sama ne. A ƙirga kaya kafin mota ta tashi, a sake ƙirgawa in an sauke.

Kyakkyawan ɗauri yana rage kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane sawu na a-kori-kura ko amalanke yana da daraja. Kayan da aka jera cikin kwali masu kai ɗaya kan shiga a sawu guda, waɗanda aka watsa sai an yi biyu. Hanya ma ba a san abin da za ta zama ba. A 2021 gwamnatin jihar Katsina ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya na wani lokaci, suka koma zagayawa ta Funtuwa. A ɗaure kaya kamar tafiyar za ta yi nisa.

Abin da ba ya shiga kwali ko kaɗan

Katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, takardar haihuwa, katin rigakafin yara, katin awo, takardar gona ko fili, katin banki, littafin ajiyarki na ƙungiya, da maganin da wani ke sha kullum. Waɗannan a ninke su cikin leda biyu, su zauna wuri guda da kowane babba a gidan ya sani, ranar tafiya kuma su kasance a jikinki. Kwano in ya fashe ana sayen wani. Takardar gona in ta ɓata, sai an sha wahala.

Ina so in bambanta abu biyu. Duk bayanin nan na tashin da aka shirya ne. In hari ne, Allah Ya kiyaye, ba a tsayawa ɗaurin kaya, kuma ba a komawa don kwano. Yara da wannan ledar takardu kawai. Shi ya sa ake haɗa ta tun ana zaune lafiya.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Irin wannan asusu namu mai akwati da makulli uku ya samo asali ne a yankin Maraɗi a 1991, inda ƙungiyar CARE ta fara shi da sunan Mata Masu Dubara. Dubarar ita ce kowa ta kawo kaɗan, ya taru ya zama abin da zai fitar da mutum kunya. Kwali ma haka. A ce ku 20 ne, kowa ta kawo kwali biyu da buhu ɗaya. Kun tashi da kwali 40 da buhu 20, ba a taɓa ko kwabo ba. Wannan ya isa kai amarya ko tashin gida guda, a dawo da su, wata ta yi amfani.

A zaɓi mace ɗaya mai ɗaki busasshe ta riƙe su. A warware kowane kwali ya kwanta, a ɗaure su goma-goma, a ɗora kan benci ko katako nesa da bango saboda gara da danshi. A rubuta wadda ta ara da adadin da ta ɗauka. Ku yanke ranar dawowa a tsakaninku, kuma wadda ta lalata ɗaya ta nemo madadinsa. Akwai wata fa'ida kuma. A inda tsaro ya taɓarɓare, yawon neman kwali shago-shago tamkar shela ce cewa gidan nan za a tashi da kaya. In a wurin 'yar uwa aka karɓa, zance ya tsaya a tsakaninku.

In 'yar ƙungiya ce za ta bar gari, a yi maganar a taro kafin ta tafi. Nawa ta ajiye? Akwai bashi a kanta? Za ta riƙa aiko da zubi ne, ko za ta jira ranar rabo? A bi abin da dokar ƙungiyarku ta ce, a rubuta a gaban kowa. In tana cikin ukun da ke riƙe da makulli, ko ita ce mai ajiye akwati, ta miƙa a gaban taro a zaɓi wata. Wadda tashin dole ya sama kuma, a duba asusun taimakon juna, don irin wannan rana aka yi shi. Gara kuɗin ya tafi ga mota da abincin kwanakin farko, tunda mazubi kun riga kun tanada.

Tambayoyin tattaunawa

Waɗanne shaguna ne a garinku kuke da hulɗa da su, kuma wa za ta tambayi kowanne? A ɗakin wa za a ajiye kwalayen? Mata nawa ne a cikinku takardunsu ke wuri guda cikin leda a yau? Kafin taro na gaba, kowa ta zo da kwali biyu da buhu ɗaya, ta kuma haɗa ledar takardunta. Allah Ya sa duk tashin da za mu yi ya zama na alheri.