Gyaran Tsohuwar Gingimari: Tsakanin Tsare Asali da Kayan Zamani

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Legas ya san babbar motar nan ta Mercedes-Benz mai gajeren baki da bodin katako, wadda ake kira 911. A wannan maƙala za mu duba wata matsala da ke fuskantar mai niyyar farfaɗo da irin wannan mota bayan ta tsufa, watau ko ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ko kuwa ya sa mata kayan zamani. Mai karatu na iya cewa ina ruwan ɗalibin Hausa da bakin mai. Amsa ita ce, matsalar ba baƙuwa ba ce gare mu. Ita ce ke gaban mai juya tsohuwar waƙar ajami zuwa boko: in ya gyara kalmar da ta tsufa ya taɓa amanar marubuci, in ya bar ta mai karatu ya yi tuntuɓe.

Bari mu fara da ita kanta motar. A shekarar 1959 aka fara ƙera wannan samfuri a Jamus. Dokokin ƙasar na lokacin sun taƙaita tsawon manyan motoci, saboda haka aka tura wani sashi na injin cikin ɗakin direba domin a rage tsawon baki, a sami wurin kaya. Daga 1963 kamfanin ya riƙa raɗa wa motocinsa suna da lamba mai ma'ana. Alal misali, 911 na nufin tan 9 na nauyi duk da kaya, da ƙarfin doki wajen 110. 1113 kuwa tan 11 da ƙarfin doki 130. Injin da aka fi sani a cikinsu shi ne OM 352 na 1964, mai silinda 6 da faɗin ciki kusan lita 5.7. An ci gaba da ƙera samfurin domin ƙasashen waje har 1995, kuma masana'antar ANAMMCO da aka buɗe a Inugu a 1980 ta haɗa irinsa a Nijeriya.

Masu ra'ayin tsare asali suna da hujja mai ƙarfi. A wurinsu tsohuwar mota shaida ce ta tarihi, kamar kayan da ke Gidan Makama. Ƙarar injinta, da nauyin sitiyarinta, da yadda direba ke kokawa da giya a kan hawa, su ne ke gaya mana irin wahalar da mutanen da suka sha kafin gyaɗa da goro su isa kasuwa. In aka cire waɗannan, fatar kawai ta rage. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta fito da Yarjejeniyar Turin da ta fara aiki a 2013. Abin da ta ƙunsa shi ne, duk canjin da ya zama tilas a yi shi ta yadda za a iya warware shi, a kuma rubuta shi. A 2019 ƙungiyar ta bayyana cewa motar da aka cire wa inji aka sa na lantarki ta fita daga sahun motocin tarihi. A Jamus kuma, tun 1997 akwai lamba mai harafin H wadda ake bai wa motar da ta kai shekara 30, muddin tana kan kamanninta na asali. Mai wannan lamba yana biyan haraji tsayayye, yana kuma shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu hayaƙi. Ashe ke nan a can asali yana da daraja ta kuɗi.

Amma fa mota ba tulu ba ce da za a girke a ɗaki. Tan tara ce ke gudu a cikin jama'a, kuma a nan ne hujjar masu sabuntawa ke da nauyi. Manyan motoci da yawa na wancan zamani birkinsu layi ɗaya ne. In bututu guda ya fashe a kan gangara, ƙafafun duka sun rasa birki. Na zamani layi biyu ne, in ɗaya ya tafi ɗayan ya riƙe. Bugu da ƙari, a da da asbestos ake yin fatar birki, ƙurarsa kuwa tana jawo cutar huhu da sankara ga makanike, har Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005. Akwai kuma tsohon rim mai zobe, wanda in ba a zaunar da zoben daidai ba yakan yi tsalle lokacin ba da iska, ya hallaka mai faci. A ganina babu gardama a waɗannan wurare. Wanda ya nace wa birki mai layi ɗaya saboda son tarihi, da ran wasu yake caca. An yi sa'a kuma yawancin irin wannan gyara a ƙarƙashin mota yake, ido ba ya kai wa gare shi. Haka nan sa bel, da ƙara hasken fitila, da musanya tsohon dinamo da na'urar caji ta zamani.

Inda gizo ke saƙa shi ne inji. Akwai OM 352 mai tobo wanda ke ba da ƙarfin doki 168, ga kuma magajinsa OM 366 na shekarun 1980, kowannensu na iya zama a gurbin tsohon ba tare da yanka mai yawa ba. Kwaɗayin yin haka a fili yake. Sai dai ƙarin ƙarfi yana jawo ƙarin zafi, lagireto ya kasa, kuloci da giya su ɗauki nauyin da ba a auna musu ba, gudun ya fi ƙarfin birki. Gyara ɗaya sai ya haifi huɗu, kafin a farga motar ta zama wata dabam mai tsohuwar fuska. Ni dai na fi son a sake gina injin asali. In kuwa musanya ta zama dole, a ajiye tsohon da lambarsa, kada a fasa shasi da walda inda ƙusa mai noti za ta wadatar.

Saura wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye: mene ne asalin motar da ta yi aiki a ƙasar Hausa? Shasi da kai kawai masana'anta ta bayar. Bodin katakon kafintocinmu suka ɗora, mai fenti ya zana zaki ko gaggafa, ya rubuta addu'a ko habaici a goshi da baya. A Sudan ma haka makanikai suka yi wa Bedford TJ ta 1958, suka ƙarfafa ta domin rairayi har ta sami suna sifinja. Yarjejeniyar Turin kanta ta yarda cewa canjin da mota ta samu a zamanin aikinta yana cikin tarihinta. Saboda haka wanda ya ɓamɓare bodin katako ya sa na ƙarfe irin na hoton talla na Jamus, da sunan komawa asali, ya goge abin da ya fi wuyar samu. Fistan da famfon gas ana iya odarsu, amma hannun mai fentin da ya rubuta waɗancan kalmomi mai yiwuwa ya daɗe a ƙasa. Kafin a cire katako ko ɗaya, a ɗauki hoton kowane gefe, a kwafe rubutun da ƙa'idarsa ta lokacin, kurakuransa da duka, sa'an nan a sa wa allunan lamba.