Igiyar Da Ta Canza Ma'aikatan Fremont

Sau da yawa mukan ji shugabannin wuraren aiki suna kuka da ma'aikatansu: ba sa zuwa a kan lokaci, ba sa sa zuciya a aikin, ƙarshen wata kawai suke jira. Maganin da aka fi saurin kawowa shi ne takardar gargaɗi, in ta ƙi, sai kora. To, 'yan'uwa, akwai wani labari daga Amurka da ya sa muke shakkar wannan magani.

A garin Fremont na jihar Kalifoniya, kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci wadda ma'aikatanta suka yi ƙaurin suna. Ana shan giya a bakin aiki, ana caca, yajin aiki kuwa ba sanarwa. A rana guda kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya zuwa. Wasu, don huce haushi, sukan jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota kafin a rufe ta, domin ta riƙa ƙara tana damun mai saye. A 1982 aka rufe masana'antar.

A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI, bisa haɗin gwiwar General Motors da Toyota ta Japan, kuma Toyota ce ke tafiyar da aikin. Abin mamaki, yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadago. Aka kwashi ɗaruruwansu zuwa masana'antar Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da takwarorinsu.

Abin da ya fi girgiza su igiya ce. A da, doka ɗaya ce: kada layin haɗa motoci ya tsaya ko da me ya faru. In ka ga an ɗaura ƙusa a karkace, ka bar ta ta wuce, a gyara daga baya. Wato an nuna wa mutum cewa idonsa da hankalinsa ba su da amfani, hannunsa kawai ake haya. A tsarin Toyota kuwa, an rataye igiya a saman kowane ma'aikaci. Ya ga matsala, ya ja, fitila ta kama, shugaban rukuninsa ya rugo ya taimaka. In ba a shawo kanta nan take ba, layin ya tsaya. Daga baya a zauna da shi a tambaye shi yadda za a hana ta sake faruwa.

Amma wa zai ja igiya in yana tsoron a sallame shi? Nan ne muke ganin gishirin maganar. A yarjejeniyar 1985 kamfanin ya yi alkawarin ba zai rage ma'aikata ba sai in rayuwarsa ce ke cikin haɗari, kuma kafin haka sai an fara rage albashin manya. A 1988 kasuwa ta faɗi, aiki ya ragu sosai, ba a sallami kowa ba. Aka tura mutane horo. Manya da ƙanana kuma a ɗakin cin abinci ɗaya suke ci, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba a kalle shi daga sama.

Fashin aiki ya sauko zuwa kashi biyu ko uku cikin ɗari. Ingancin motocin, farawa da Chevrolet Nova, ya kusan kamo na Japan. Ba aljanna ba ce, don akwai waɗanda suka yi kukan saurin aikin ya yi yawa.

General Motors ta gwada tsarin a masana'antarta ta Van Nuys, bai kama ba. An kawo igiyar, amma ana auna shugabanni da yawan motocin da suka fitar, ma'aikata kuma ba su yarda da niyyar kamfanin ba. Aka rufe ta a 1992. NUMMI kanta ta tsaya a 2010, bayan General Motors ta karye ta janye a 2009, kamfanin Tesla ya sayi ginin.