Idan ka sauya wurin aiki, ina makomar kuɗin fanshonka?

Ma'aikata da yawa, in sun bar wani kamfani sun koma wani, sai su ɗauka kuɗin fanshon da aka yi ta yanka musu sun bi ruwa. Ba haka ba ne. A dokar fansho ta Najeriya ta 2014, asusun fansho na ma'aikaci ne, da sunansa da lambarsa. Duk wata ana cire masa aƙalla kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10. In ka samu sabon aiki, lambar nan za ka miƙa wa ofishin albashi, a ci gaba da zubawa.

Wajen zubawar ne ake cutar mutane. Takardar albashi ta nuna an cire, amma asusu shiru, wata da watanni. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya tura kuɗin, in ya saɓa akwai tara. Riƙe guminka ne, kuma hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, na karɓar ƙorafi a kai.

Wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya yi wata 4 bai samu wani ba, yana iya cirar kashi 25 na abin da ya tara. Tun 2020 kuma, ana iya sauya kamfanin da ke kula da asusun sau ɗaya a shekara.

Kafin ka ajiye aiki, nemi bayanin asusunka, ka gwada shi da takardun albashinka wata bayan wata.